Ranar awo a Aboabo

Talata. Tun ƙarfe bakwai da rabi benci ya cika, mata daga unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi a Ghana, kowacce da goyonta da littafin awo a hannu. A rataya yaro a sikeli, a rubuta nauyi, a duba allura, sai ta gaba. Yau na ƙara wa kowace uwa tambaya uku: ƙarfe nawa kika kwanta, me kika ci tun safe, ruwa nawa kika sha?

Amsar kusan ɗaya ce: "Anti, ina lokaci?" Mai wake da shinkafa ta hura wuta tun kafin asuba. Mai zuwa kasuwar Kejetia ba ta dawo ba sai magariba, ga tuwon dare yana jiranta. Barcin awa huɗu, shi ma a gutsuttsure, alhali babba yana buƙatar awa 7.

Mai jariri ba za ta samu bakwai a jere ba, kada mu yaudare ta. Abin da ake nema shi ne awa huɗu ba yankewa, sai ƙailula bayan azahar. Bayan isha ta shayar da yaro ya ƙoshi, ta tatsi nono a kofi mai tsabta mai murfi, ta miƙa wa maigida ko kakar yaro, ta shiga ta kwanta, waya a nesa da ita. In ya farka a ba shi da kofi. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki marar zafi, a firji kwana 4, amma in wuta ta ɗauke ta daɗe, a zubar. Inda ake kuskure shi ne farawa da wuri. A makonnin farko tsallake shayarwa yana sa nono ya cika ya yi tauri, ruwan kuma ya ragu. A bari sai nono ya daidaita, kamar mako huɗu zuwa shida.

Abinci ya fi damuna. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a rana, wato kamar koko da ƙosai da ɗan gyaɗa a kan abin da ta saba ci. Amma yawancinsu ragowar kwanon yara suke ci, a tsaye. Na ce musu, ki zuba naki tun a tukunya kafin a raba, ki zauna ki ci. Ruwa kuwa lissafinsa da sauƙi: ledar fiya wata rabin lita ce, shida sun kai lita 3. A ajiye su inda ake shayarwa. Fitsari in ya yi duhu, ruwa bai isa ba.

Ba kowace gajiya ce ta aiki ba. Jiri, bugun zuciya, haki in an hau ɗan tudu, cikin ido ya yi fari, wannan a gwada jini. Da yawa sun daina shan ƙwayar ƙarin jini don bayan gida ya koma baƙi, kuma hakan ba cuta ba ne. Wasu da shayi suke haɗiye ta, shayi kuwa yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikinta. A sha da ruwa, a bi da lemu. Kontomire (ganyen gwaza), ayoyo (lalo), hanta da wake su shiga miya. Duba na mako shida bayan haihuwa na uwa ne ita ma, kuma tun 2008 kulawar masu ciki da haihuwa kyauta ce a ƙarƙashin NHIS, inshorar lafiya ta ƙasa.

Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa aƙalla mako 12 da albashinta, ƙarin mako biyu in tagwaye ne, da awa ɗaya a lokacin aiki don shayarwa. 'Yar kasuwa ba ta da mai ba ta wannan. Hutunta arba'in ne, ana gamawa kowa ya watse, a lokacin da gajiyar ta fara taruwa. Shi ya sa nake son adashin lokaci a gidajen haya: mata huɗu, kowacce ta riƙe yaran duka yamma ɗaya a mako, daga la'asar zuwa magariba. Yana rushewa ne in ba a tsayar da rana da awa ba. Haka neman taimako a gida. "Na gaji" ba ya motsa kowa. "Baban yara, kai za ka kai su makaranta Litinin da Laraba" yana aiki.

Wata ta tsaya bayan kowa ya tafi, ta ce kuka take yi ba dalili, wata na uku ke nan. Kukan kwanakin farko yana wucewa cikin mako biyu. In ya zarce, ga rashin barci ko da yaro ya yi barci, ga rashin jin daɗin komai, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mata 13 cikin 100. Ba raunin imani ba ne, ana addu'a ana zuwa asibiti. In tunanin cutar da kai ko yaro ya zo, a ranar za a tafi. Na rubuta mata takardar ganin likita, na ce ta zo da yayarta gobe da safe.

Mun rufe ƙarfe biyu. Mata uku na tura gwajin jini.