Riɗi, wake da ɗanyen tumatir: yadda girkin Isra'ila ya shiga kicin ɗina

Wata abokiyar aikina ta je ziyarar ibada Kudus tare da mutanen cocinsu, da ta dawo kuwa, labarin karin kumallon masaukinsu ya fi komai yawa a bakinta. Wai da sassafe za ka tarar da tumatir da kokwamba an yanka su mitsi-mitsi, ga 'ya'yan zaitun, ga dafaffen ƙwai, ga cuku mai laushi, ga wani farin haɗi na riɗi, shayi da biredi kuma suna can gefe. Maganar ta zo mini a kan gaɓa, domin a lokacin likita ya gaya wa maigidana cewa sugansa ya fara hawa, a rage tulin shinkafa da tuwo, a yawaita ganye da wake. Dabarata ta tsaya a kan dafaffen kabeji da kwaɗon zogale, har mutanen gida sun fara gajiya da su. Daga nan na shiga neman yadda ake girkin can, ina karantawa ina gwadawa.

Tun ban yi nisa ba na gane cewa abin da ake kira girkin Isra'ila tarin girke-girken al'ummomi ne da suka haɗu wuri guda. Bayan kafa ƙasar a 1948, Yahudawa sun yi ta kwarara daga Iraƙi da Yaman da Maroko da Tunisiya da Libiya da gabashin Turai, daga baya har da Habasha, kowa da tukunyar gidansu. Sun kuma tarar da Falasɗinawa da nasu abincin na kaka da kakanni. Hummus (niƙaƙƙen wake da riɗi) da falafel (soyayyen curin markaɗaɗɗen wake) da za'atar (garin ganye mai ƙamshi da riɗi) da labane (kindirmo mai kauri da aka tsiyaye ruwansa), duk Falasɗinawa da mutanen Lebanon da Siriya suna cin su tun kafin a kafa ƙasar. Har gobe shagunan hummus da ake yabo a garuruwan Abu Gosh da Akka da Yafa galibinsu na Larabawa ne. Falasɗinawa da yawa suna jin zafi idan aka laƙaba wa abincinsu sunan Isra'ila, kuma da abin da idanunmu suka gani a Gaza, ba zan iya ɗaukar wannan zafin da wasa ba. Shi ya sa duk abin da na girka, nakan faɗa wa yarana su wane ne masu shi na asali.

Da salak ɗin na fara, wanda a can ma wasu ke kiransa salak ɗin Larabawa. Ya samu gindin zama a gonakin haɗin gwiwa da suke kira kibuts, inda ma'aikata kan fita da asuba, su dawo su karya da abin da gona ta bayar. Duk aikinsa a yanka yake. Tumatir mai tauri, kokwamba, 'yar albasa, koren tattasai, na'a-na'a, a yanka su ƙanana yadda cokali ɗaya zai kwaso kowanne. A matsa lemon tsami, a zuba cokali guda na man zaitun. Gishiri sai za a ci, domin in aka sa shi da wuri tumatir zai saki ruwa, salak ya kwanta. Babu bama, babu madara, babu waken gwangwani mai suga, waɗanda su ne ke mayar da salak ɗinmu na biki abinci mai nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, kuma na ga cewa muddin ba a fara tun da safe ba, da wuya a kai. Sai dai ɗanyen abu yana son tsabta. Ina wanke komai da ruwan da za mu iya sha, in jiƙa ganye cikin ruwa da ɗan binega, wuƙar nama da katakonta kuma ba sa zuwa kusa.

Inda na fi daɗewa shi ne tahina, wato niƙaƙƙen riɗi. Abin ya taɓa mini rai, domin riɗi namu ne. Ana noma shi sosai a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, ana loda shi zuwa ƙasashen waje, mu kuma sai mu tsaya a kantu da miya jefi-jefi. Masu yin tahina a Isra'ila yawanci daga waje suke shigo da riɗinsu, na Humera da ke Habasha ne ya fi suna a wurinsu, tahinar Nablus da ta Nazarat kuma ana ji da su.

Ga yadda nake yi. Ina sayen farin riɗi, in wanke shi in rege, domin yashi kaɗan ya isa ya ɓata kwalba guda. In shanya ya bushe ƙarau. Sai in soya a busasshen kasko da wuta kaɗan, ina juyawa ba tsayawa. Da zarar ƙamshi ya tashi, launinsa ya ɗan juya, in sauke. In aka bari ya yi ja, ɗaci zai shiga, kuma babu abin da ke fitar da shi. Idan ya huce in zuba a bilenda. Da farko gari zai zama, sai ya cure, sai kuma ya fara sakin mai ya yi santsi. Ana buƙatar haƙuri, ana kashe injin yana hutawa, a ƙara cokalin mai in ya ƙi juyawa.

Haɗa miyarta ne ke tsorata mai koyo. Kina zuba lemon tsami da ɗan ruwa a cikin tahina, sai ki ga ta ƙanƙame ta daskare, cokali ma da ƙyar yake motsi. Kada ki zubar, haka take yi. Ci gaba da ɗiga ruwan sanyi kina bugawa, can za ki ga ta saki, ta yi fari, tana zuba a hankali daga bakin cokali. Ɗan dakakken tafarnuwa da gishiri, shi ke nan. Dokar abincin Yahudawa da ake kira kosha ta hana haɗa nama da nono a ci guda, wannan na daga cikin abin da ya sa tahina ta samu shiga sosai a can, tunda tana ba da maiƙo da laushi ba tare da nono ba. A gidana ita ta kori bama. Muna zuba ta a kan gasasshen kifi, da dafaffen dankali, har da zogale. Riɗi yana da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da mai irin wanda ba ya daskarewa, amma kusan rabin nauyinsa mai ne, giram 100 na tahina na ɗauke da kalori wajen 600. Cokali biyu sun ishi mutum.

Hummus kuwa da wani dunƙulallen wake ake yinsa, wanda nake samu a shagunan 'yan Lebanon, kuma kuɗinsa ba wasa ba. A jiƙa shi ya kwana, a dafa da 'yar kanwa har sai ƙwaya ta murƙushe tsakanin yatsu biyu ba tare da an matsa ba. Ɓawon zai taso sama, a kwashe. A niƙa shi da ɗuminsa tare da tahina, lemon tsami, tafarnuwa da ruwan sanyi. Da tsadar ta ishe ni sai na gwada farin wakenmu da aka surfa, na kuma gwada gurjiya. Ɗanɗanon ya bambanta, ba zan ce iri ɗaya ba ne, amma na gurjiya ya yi daɗi ƙwarai, kuma amfanin da nake nema yana nan: sinadarin gina jiki, da faiba wadda ke sa abinci ya narke a hankali, suga bai hau jini farat ɗaya ba. Lemon tsamin ma yana da aiki, bitamin C ɗinsa na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake.

Surukata ce ta fara ɗanɗana falafel ɗin da na yi. Ta gutsura ta tauna, ta ce, "'Yar nan, ai wannan ƙosai ne aka cika masa ganye." Na ce, "Haka ne, Hajiya, ɗanyen wake ake jiƙawa a markaɗa, kamar namu." Gaskiyarta, kuma hukuncinsu ɗaya: abin da aka tsoma a tafasasshen mai ba na kullum ba ne.

Shakshuka ba ta ba ni wahala ba. Asalinta Arewacin Afirka, Yahudawan Tunisiya da Libiya ne suka yaɗa ta a Isra'ila. Albasa da tattasai da tafarnuwa a cikin mai kaɗan, tumatir da yawa, garin kumin, a bari ruwan ya tsotse. Sai a yi 'yan ramuka da cokali, a fasa ƙwai a ciki, a rufe. Ba a juyawa. Dafaffen tumatir da ɗan mai yana ba jiki laikofin, sinadarin da ke ba tumatir jan launinsa, fiye da ɗanye. A nan na daina jefa dunƙulen ɗanɗano, domin kumin da tafarnuwa da tsamin tumatir sun wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ke nan, kuma dunƙule yawancinsa gishiri ne.

Sabik na Yahudawan Iraƙi ne, waɗanda kusan 120,000 daga cikinsu suka koma Isra'ila tsakanin 1950 da 1951. Gurasa ce ake cusa wa soyayyen babban yalon nan baƙi mai sheƙi, da dafaffen ƙwai, da salak, da tahina, da amba, wani tsimin ɗanyen mangwaro mai hulba da kurkur. Yalon nan yana shan mai ba kaɗan ba. Don haka nake shafa masa mai da hannu in gasa, ko in ɗora shi sukutum a kan garwashi har fatarsa ta ƙone, in kankare tsokar in haɗa da tahina. Ƙamshin hayaƙin kawai ya isa ya sa maigida ya leƙo kicin yana tambayar me ake yi.

Kada wani ya ɗauka duk abin da ya fito daga can lafiya ne. Akwai fititim, wasu 'yan ƙwayoyin taliya da kamfanin Osem ya ƙirƙiro a shekarun 1950, lokacin da ake rabon abinci da kati kuma shinkafa ta yi ƙaranci, har ake kiransu shinkafar Ben-Gurion, firaministan farko. Farar fulawa ce zalla, mai ciwon suga bai ci riba ba in ya bar shinkafa ya koma mata. Akwai soyayyen naman kaza mai garin biredi da suke ci sosai, da burekas, wani gasasshen ninkin fulawa da ake cusa wa cuku ko dankali, da malawa ta Yahudawan Yaman mai ninkin fulawa da mai. Duk waɗannan na bar su sai ranar marmari.

Ɓangaren da ke da amfani shi ne wanda ya dace da tsarin cin mutanen gaɓar Bahar Rum, kuma an gwada shi a Isra'ilar kanta. A 2008 Iris Shai ta Jami'ar Ben-Gurion da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi shekara biyu a kan ma'aikata 322 a garin Dimona. Waɗanda aka rage wa mai sun sauke kilo 2.9 a matsakaici, masu tsarin Bahar Rum kilo 4.4, waɗanda aka rage wa sitaci kilo 4.7, kuma a cikin masu ciwon suga, tsarin Bahar Rum ne ya fi gyara sugan safiya. Abin lura shi ne an ƙayyade wa masu wannan tsarin yawan abin da za su ci, kuma masana abinci na bibiyarsu. A Sifaniya ma an bi mutum fiye da 7,000, aka wallafa a 2013, aka gyara aka sake wallafawa a 2018, inda aka ga masu wannan tsarin tare da man zaitun ko ƙwayoyi masu mai irin su almond sun samu raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin 100. A duka biyun tsarin cin gaba ɗaya aka gwada, wato ganye da wake da kifi su fi yawa, jan nama ya zama kaɗan. Wannan shi na ɗauka na aiwatar: rabin faranti kayan lambu, kwata wake ko ƙwai ko kifi, tuwo ko shinkafa ko gurasa su ɗauki sauran.

Man zaitun na da tsada, don haka ba na girki da shi. Ɗanye nake ɗigawa a kan salak da hummus, inda ake jin ɗanɗanonsa, girki kuma da man gyaɗa mai kyau, da cokali nake aunawa. Labane ma ban saya ba. Kindirmo mara suga nake zubawa a tsabtataccen farin ƙyalle da ɗan gishiri, in ƙulle in ɗora a kan rariya cikin firji ya kwana yana tsiyaya. Da safe ya yi kauri, ana shafawa a gurasa.

Maigida yana nan yana zuwa awo, kuma bai bar ko ɗaya daga abin da likita ya ɗora shi a kai ba. Abin da na gani da idona shi ne yunwar hantsi ta ragu a gidan, ƙorafin taurin bayan gida ya yi sauƙi, yara kuma sun saba da kokwamba har suna nema. Wanda bai saba cin wake da yawa ba, ya fara da kaɗan-kaɗan saboda kumburin ciki, ya kuma zubar da ruwan jiƙon kafin dafawa. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar riɗi, saboda haka yaron da bai taɓa ci ba a ɗanɗana masa kaɗan a lura da shi. Mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likitansa kafin ya yawaita tumatir da wake, domin suna da sinadarin fotasiyam da yawa.