Baƙin mai a cikin ruwan lagireto

Talata, bayan Isha'i.

Yau ko ƙofar ofis ban gani ba. Da safe na ɗaga bonet in duba ruwa kafin in kai yara makaranta a Arkilla. Ina buɗe murfin robar ruwan sai gabana ya faɗi: wani abu ruwan ƙasa ya taru a sama, da kauri kamar furar da ba ta ji nono ba. Na dangwala da yatsa, na ji santsi. Baƙin mai ne. Na ɗora yara a kabu-kabu, na lallaɓa da motar zuwa garejin Kawu, idona na kan allurar zafi.

Tun ban kashe inji ba 'yan zaman gareji suka yanke hukunci: gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, a sauke top, wato kan injin. Wani ya ce ai turbo ce, na'urar da ke ƙara tura wa inji iska, motocin nan ba su jure bazarar Sakkwato. Kawu bai tanka wa kowa ba. Ya zaro ma'aunin mai ya goge a tsumma. Man ya ragu, amma baƙi ne sak, ba alamar ruwa. Ya leƙa ƙarƙashin murfin mai, ya sa yaronsa ya taka totur yana kallon salansa. Ba farin hayaƙi. Robar ruwa ba ta ɓulɓulo kumfa, tiyon sama bai sandare ba. Ya kwance filogi huɗun ya jera a kan benci, duk kalarsu ɗaya, alhali silindar da ruwa ke shiga filoginta kan fito a wanke tas.

“Ɗana, mi kag gani?” in ji shi. Na ce Kawu, ni dai asara na gani. Ya yi dariya ya ce, “Mai na ka shiga ruwa, ruwa bai shiga mai ba.”

Daga nan na soma fahimta. In inji na aiki, famfo na tura mai da ƙarfin da kan kai bar 3 zuwa 4 a ma'aunin matsi, shi kuwa ruwa murfinsa na sakin iska tun bai wuce bar 1.5 ba. To duk inda bango ya huje tsakaninsu, mai ne zai danne. Sai a tambayi inda suke maƙwabtaka. A motar da ke da giya otomatik, man giya kan bi ta cikin lagireto, amma tawa giyar hannu ce, wannan ya fita. Turbo kuwa, gaskiya mai da ruwa duk suna ratsa ta, sai dai kowa da hanyarsa cikin ƙarfen. In ta lalace, yawanci ta salansa ko ta bututun iska take zubar da man, a ga shuɗin hayaƙi. Sai gidanta ya tsage za ta haɗa su, kuma ba kasafai ba.

Saura oyil kula, ɗan akwatin alminiyom da ke maƙale wajen filtar mai. Injin turbo na dafa mai ƙwarai, shi ya sa ake bi da shi ta nan ruwa ya rage masa zafi, ba abin da ya raba su sai faranti sirara.

Bayan Azahar aka kwance shi. Rana ta take, sifana ma sai da tsumma ake ɗauka. Kawu ya toshe kafar mai ɗaya, ya jawo tiyon iskar mai faci na maƙwabta ya cusa a ɗayar, ya nutsa akwatin cikin bokiti. Shiru. Masu cewa gaskit suka fara gyaran murya. Sai ya aika wajen mai shayi a kawo ruwan zafi, don wata tsagar ba ta buɗewa sai ƙarfe ya ji wuta. Aka sake nutsawa. Can sai ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere ta bakin bututun ruwa.

Ya ce da akwatin ya fito lafiya dole a sauke top, don gaskit kan yanke ta wajen hanyar mai kaɗai, ba hayaƙi ba kumfa. Amma ba a fara wa mutum da aikin da ya fi tsada. Ya kuma nuna mini yadda cikin bututun ya cinye, ya ce aikin ruwan rijiya ne da ake ɗurawa zalla ba kulan, wato ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa. Motar dai ta hannu na saye ta, Allah kaɗai ya san abin da ta sha a baya.

Wankin ma aiki ne. Za a zagaya ruwan zafi da omo a zubar, a maimaita har ya fito garau, a canza mai da filta. Tiyo biyu sun riga sun kumbura sun yi laushi, mai ya ci robar, su ma sai sababbi. Yaron ya zaga shagunan kayan gyara bai samu akwatin ba sai na hannu, Kawu ya ce ba zai ɗaura shi ba sai ya bi ta bokitin nan tukuna. In shi ma ya yi kumfa, za a yi waya Kano a sako sabo a motar safe. Gobe maƙwabcina ya ce zai sauke ni a Gawon Nama, daga nan in nemi abin hawa.