Katin hoton da na saya

Wata uku ina tara kuɗi don katin hoto na kwamfuta, wato na'urar da ke sarrafa hotuna a cikinta. Da manhajar Blender nake zane, tsohon katina mai ma'ajiyar giga 4 kuwa da na ɗora masa zanen ɗakin amarya mai yawan ado sai ya tsaya cak. Abokina a Babbar Kasuwa ya ce in ɗauki RTX 4060 tunda shi ne sabo. Na ƙi. Giga 8 gare shi, ni kuma na samu RTX 3060 mai giga 12, kuma duk launuka da siffofin zanen a ma'ajiyar katin suke zama lokacin fitar da hoto. Daga Kano aka kawo mini. Jiya zanen nan ya fita lafiya lau, alhamdulillahi. Zafin Maradi kawai nake jiye masa, har na ƙara masa fanka.