Fil ɗin birki ya kafe min a hanya

Jama'a tun daga Kumo motata ke ja gefen dama, ina isowa Gombe na taɓa rim zafi kamar garwashi, ga ƙauri. Bakanike na cire taya sai ga fil ɗaya na kalifa, wato ƙarfen da ke matse pad ɗin birki, ya kafe, robarsa ta yage ruwan damina ya shiga tsatsa ta kama shi, shi ya sa pad ɗin ciki ya cinye na waje kuwa da sauransa. Sai da ya fesa mai yana murɗawa a hankali kafin ya fito, ya goge da samfefa ya sa sabuwar roba. Yaronsa ya miƙo baƙin giris, bakaniken yace kai mayar, wannan kumbura roba yake, kawo na silikon.