Kafin ka sayi takobin soso: yadda ake shiga wasan LARP

Tun da na fara halartar wasan da ake kira LARP (gajeren suna na Live Action Role-Playing, wato wasan taka rawar wani mutum da jikinka) a nan Ingila, 'yan'uwa da abokai ke tambayata ko fim muke ɗauka, saboda hotunan da suke gani na mutane sanye da sulke da alkyabba suna yawo cikin daji. Ba fim ba ne, domin babu kyamara, babu darakta, kuma babu rubutaccen labarin da aka haddace. Masu shirya wasan ne ke ƙirƙirar wata duniya ta almara mai ƙasashenta da sarakunanta da dodanninta da dokokinta, sannan kowane mahalarci ya ƙirƙiri mutum guda daga cikin mutanen wannan duniya, ya sa tufafinsa, ya ɗauki sunansa, ya yi magana da bakinsa har zuwa lokacin da za a tashi. Wanda ya taɓa yin tashe yana yaro ya san daɗin shafa toka a gemun auduga a koma tsoho na ɗan lokaci, sai dai shi tashe ana yin sa ne domin masu kallo, wannan kuwa babu ɗan kallo ko ɗaya a filin, kowa ɗan wasa ne.

Asalin abin bai da nisa sosai. A 1974 aka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, wanda ake yi a zaune a gefen tebur, ana faɗin abin da jarumi ya aikata da baki kawai. Ba a jima ba wasu suka ga cewa gara su miƙe su aikata abin da jikinsu. Ƙungiyar Dagorhir ta fara a yankin birnin Washinton a 1977, Amtgard ta biyo baya a garin El Paso na jihar Teksas a 1983, a Ingila kuma aka buɗe Treasure Trap a 1982 a tsohon ginin nan mai kama da fadar sarakuna na Peckforton da ke Cheshire. A yau taro irin ConQuest of Mythodea da ake yi a Jamus yana haɗa dubban mutane a fili guda na tsawon kwanaki.

Na kawo wannan tarihi ne saboda tun daga farkonsa wasan ya rabu gida biyu, kuma shawarar farko da sabon shiga zai yanke ita ce wane gida zai nufa. Akwai masu irin tsarin Amtgard da Dagorhir, waɗanda ke haɗuwa a filin shaƙatawa na gari a ƙarshen mako, hankalinsu ya fi karkata ga faɗa, kuma galibi suna da makaman aro da za su miƙa wa baƙo. Dokar Amtgard mai sauƙi ce: in aka sare ka a hannu ko ƙafa ka rasa wannan gaɓa, in aka same ka a ƙirji ko baya ka mutu, kai da wuya kuma ba a dukansu sam. Akwai kuma manyan taruka na kwana biyu ko uku inda ake kafa tantuna, ana siyasa da ciniki da ƙulle-ƙulle, faɗa kuwa wani yanki ne kawai na abin da ke gudana. Wanda ke son motsa jiki da gumi ya fara da na farko, wanda kuma labari da mu'amala suka ja shi ya nemi na biyu.

Wanda na fi sani a cikin na biyun shi ne Empire, wanda kamfanin Profound Decisions ya fara gudanarwa a 2013, ana yin sa sau huɗu a shekara, daga yammacin Juma'a zuwa bayan azahar ɗin Lahadi. Labarinsa na wata daula ce da ta haɗa al'ummomi goma, waɗanda wakilansu ke taruwa a wani sansani mai suna Anvil domin yanke shawarar yaƙi da zaɓen shugabanni. Akwai majalisar dattawa, akwai majalisar janar-janar, akwai ta malaman addinin daular da ta matsafanta, kuma duk waɗannan kujeru 'yan wasa ne ke hawansu ta hanyar zaɓe da neman goyon baya, ba masu shirya taron ba. Har kuɗinsu suke da shi na ƙarfe da ake riƙewa a hannu, inda zobe 20 ke zama kambi ɗaya, kambi 8 kuma su zama karaga ɗaya, kuma da shi ake sayen shayi da ganyen magani da labarin sirri a cikin sansanin.

Ga abin da na fi so sabon shiga ya ji. Yawancin masu zuwa karo na farko sukan ɓata makonni suna rubuta tarihin wani jarumi maraya wanda aka ƙone garinsu, ba ya magana da kowa, ba ya yarda da kowa, yana neman fansa shi kaɗai. A takarda abin yana da armashi, amma a fili irin wannan mutum yakan ƙare ne zaune a bakin wuta yana kallon wasu suna morewa, domin ya rufe wa kansa duk ƙofar da wani zai bi ya iso gare shi. Babu wanda zai karanta shafuka goma na tarihinka a tsakiyar daji. Abin da mutane ke gani shi ne abin da kake so a yanzu, da kuma ko biyan wannan buƙata zai sa ka taka zuwa tantin wani ka yi sallama. Saboda haka mutumin da ya fi dacewa a fara da shi ƙaramin mutum ne mai ƙaramar buƙata: mai magani da ke neman wata saiwa da ta yi wuya, ɗan aike da ke kai wasiƙu tsakanin sansanoni, ɗan kasuwa da ake bin sa bashi, ko almajirin da ke neman malamin da zai koya masa wata sana'a. Na ga wata mata da ta zo da tire na alewa kawai tana sayarwa zobe ɗaya-ɗaya, kafin dare ya raba ta san sunan shugabannin al'ummomi da dama, ta kuma ji asirin da jarumai masu sulke ba su ji ba, saboda kowa yana sakin baki a gaban mai talla.

Wannan ƙaramin matsayi yana da wata fa'ida kuma, wato yana ba ka damar yin tambaya ba tare da ka fita daga wasa ba. Wanda ya ce shi tsohon janar ne da ya ci yaƙoƙi zai ji kunya in aka tambaye shi sunan kogin da ke kan iyaka ya rasa amsa. Wanda kuwa ya ce daga ƙauye ya fito kuma yau ne ya fara taka Anvil, jahilcinsa na gaske ya zama jahilcin mutuminsa, kuma tsofaffin 'yan wasa suna jin daɗin zaunar da baƙo su bayyana masa wa ke gaba da wa. A Empire ana ba sabon mutum maki 8 ya raba wa fasahohi, kamar riƙe garkuwa ko harbin baka ko haɗa magani, tare da wata dukiya guda irin gona ko ma'adini ko jirgin ruwa, wadda ke kawo masa abin ciniki a kowane taro. Ba na ganin ya kamata a daɗe ana lissafin makin nan, domin ba su ne za su cika maka yini ba. Abin da ya fi su muhimmanci shi ne ka nemi ƙungiya tun kafin ranar taro, ta shafukan Facebook ko na manhajar hira ta Discord na al'ummar da ka zaɓa, ka gaya musu kai sabo ne, domin mai ƙungiya yana da inda zai zauna, da wanda zai tashe shi in za a fita yaƙi, da wanda zai ja shi zuwa wurin mai magani in ya faɗi.

Maganar tufafi ita ce ke cinye kuɗin mutane ba gaira ba dalili. Ba a buƙatar sulken ƙarfe a zuwan farko. Doguwar riga marar tambari ta auduga ko lilin, wando marar aljihun zamani, ɗamarar fata, da bargon ulu da aka mayar mayafi sun isa, kuma yawancinsu ana samu a shagunan gwanjo. Kowace al'umma tana da bayanin irin shigarta a shafin intanet na wasan: mutanen Marches manoma ne masu shigar Ingila ta zamanin da, mutanen League suna kwaikwayon biranen Italiya na 'yan kasuwa, mutanen Brass Coast kuwa riguna masu yalwa da launuka masu haske suke sawa, har da rawani irin na Buzaye wanda duk wanda ya san Agadas zai gane shi. Wanda ya tashi yana ganin yadda tela ke yanka riga mai faɗi yana da sauƙi a nan, amma ina ba da shawarar kada a ɗauko babbar rigar sallah mai aiki a shiga da ita, na farko domin duniyar wasan ba tamu ba ce kuma masu shiryawa ba sa son alamomin addinai na gaske a cikinta, na biyu domin taɓon Ingila ba ya jin kunyar shadda. Inda ya dace a kashe kuɗi shi ne takalmi mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsawa, da safa masu kauri, da kayan ɗumi da za a sa a ƙarƙashin riga, domin a watan Afrilu sanyin dare a cikin tanti yana hana barci, kuma wanda ƙafarsa ta jiƙe tun Juma'a ba zai ji daɗin komai ba ranar Asabar.

Makaman da ake amfani da su a Turai soso ne mai tauri da aka naɗe a jikin siririyar sanda, aka shafe shi da roba aka yi masa fenti har ya yi kama da ƙarfe. Kafin a shiga wasa akwai masu duba makamai da ke matsa kowane takobi da yatsa daga gindi zuwa baki, in suka ji sandar ciki ta kusa fitowa su hana amfani da shi. Ba a soka da irin wannan takobi, sai dai makamin da aka ƙera musamman domin suka, saboda sandar na iya huda soson ta ji wa mutum rauni. Ana kai sara ne da faɗi, amma a janye ƙarfin hannu daf da isa jiki, yadda wanda aka sara zai ji taɓawa ba zafi ba. A Empire sara ɗaya ake ƙirgawa a daƙiƙa, don haka girgiza takobi da sauri a jikin mutum ba ya ƙara komai, bakan harbi kuma an ƙayyade ƙarfin jansa kada ya wuce nauyin fam 30. Babu alƙalin da ke bin kowa yana ƙirga masa saran da ya sha, kai ne za ka ƙirga da kanka ka faɗi in adadin saran da mutuminka ke iya ɗauka ya cika, kuma duk tsarin a kan wannan amana yake tsaye. Wanda aka san shi da ƙin faɗuwa, nan da nan labarinsa ke zagaye fili.

Hanya mafi arha ta koyon duk wannan ita ce a fara da zama dodo. Kusan kowane wasa yana buƙatar mutanen da za su taka rawar abokan gaba, kuma ƙananan taruka da yawa suna rage wa irin waɗannan masu taimako kuɗin shiga ko su yafe shi, su ba su abin rufe fuska da makami, su gaya musu abin da za su yi. A Empire ma ƙa'ida ce: ana manyan yaƙoƙi biyu, safiyar Asabar da safiyar Lahadi, wanda ya yi ɗaya a matsayin mutuminsa zai yi ɗayan a matsayin maƙiyi. A wannan rawa ana kashe ka sau da yawa a safiya guda ba tare da ka yi asarar komai ba, kana koyon yadda sahun garkuwoyi ke tafiya da yadda ake faɗuwa ba tare da an tattake ka ba.

Akwai tambayar da Musulmi zai yi, kuma ta cancanci amsa. Duniyoyin nan suna da addinai da tsafi na ƙirƙira, kuma akwai tantunan da ake sayar da giya da dare. Babu wanda ke tilasta maka ɗaukar rawar malamin addinin almara ko matsafi, ana iya shekaru ana wasa a matsayin soja ko ɗan kasuwa ko mai ɗori. In lokacin salla ya yi, mutum yakan koma wajen tantunan kwana da ke bayan filin wasa, inda kowa ke komawa kansa na gaske, ya yi sallarsa ya dawo. Abinci kuma gara a taho da shi daga gida, domin ba kowane mai sayarwa a fili ke da halal ba. Inda zuciyar mutum ba ta kwanta da wani yanayi ba, yana da ikon ficewa daga wurin, kuma dokokin yawancin taruka na yanzu sun fayyace cewa lafiyar ɗan wasa da natsuwarsa suna gaba da labari.

Sauran abu guda da ya kamata a sani tun da wuri shi ne mutumin da ka ƙirƙira yana iya mutuwa, mutuwar da ba dawowa. A Empire in adadin saranka ya cika ka faɗi, kana da minti uku kana ƙirgawa a zuci kana kiran taimako, in mai magani bai iso ba kafin su cika, labarin wannan mutum ya zo ƙarshe. Ƙungiyarka za ta yi masa makoki a cikin wasa, a raba abin da ya bari, kai kuma ka nufi tantin ofishin masu shiryawa ka yi rajistar wani sabon mutum da sabon suna. Shi ya sa tsofaffin hannu ke ajiye riga ta biyu mai wani launi daban a cikin jaka, da suna na biyu da suka riga suka tanada, domin su iya komawa fili kafin a gama cin abincin rana.