Kayan da aka ce na karɓa

Duk wanda ya taɓa jiran kaya daga kamfanin jigila ya san yadda ake buɗe shafinsu safe da yamma a ga inda aka kwana. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, layin ƙarshe a shafin, wanda ke cewa an miƙa kaya ga mai su, ba wata na'ura ce ke tabbatar da shi ba. Direba ne ke danna shi da yatsa a wayarsa. Yana iya dannawa a ƙofar gidanka, yana kuma iya dannawa a gidan mai alhali kwalinka na bayan mota. Da zarar ya danna, kamfanin kaf ya gaskata shi, kai kuwa ka koma mai da'awa da sai ya kawo shaida.

Yayata ce ta aiko mini da laftof daga ƙasar da take aiki, saboda tawa ta mutu kuma da ita nake neman abinci. Tafiyar jirgi da kwastam ba su da labari, komai ya wuce lafiya. Kaya suka sauka, suka shiga cibiyar rarrabawa, wata safiya aka rubuta cewa suna cikin motar da za ta kawo. Na soke abin da zan yi ranar na zauna a gida, waya a hannu, ƙofa a buɗe. Da yamma saƙo ya shigo: an isar, an sa hannu. Ina zaune a tsakar gida nake karanta wannan. Babu wanda ya ƙwanƙwasa, babu wanda ya kira.

Na buga lambar kamfanin. Bayan danna ɗaya, danna uku, da kiɗan nan da ba ya ƙarewa, wata yarinya ta ɗauka. Na karanto mata lambar bibiya.

"Yallaɓai, a nan ya nuna an isar."

"Shi ya sa na kira. Ba a isar ba."

"To ka tambayi mutanen gida ko maƙwabta, wataƙila wani ya karɓa maka."

Na tambaya, don kada a ce ban tambaya ba. Gida-gida na bi, har da waɗanda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Babu wanda ya ga motar ma. Na sake kira, wani ya ɗauka, na maimaita labarin daga farko, ya ce zai buɗe ƙorafi, za a kira ni cikin awa 48. Ba a kira ba. Da na neme su sai aka ce ai an rufe ƙorafin, dalili kuwa shi ne bincike ya nuna an isar da kayan. Wato binciken nasu shi ne su duba shafin da ni ma nake dubawa, su karanto mini abin da nake ƙorafi a kansa. Haka muka yi ta je-ka-ka-dawo, kowane kira sabon mutum, kowane sabon mutum sabon haƙuri, kowa da "muna ba da haƙuri bisa wannan matsala" a bakinsa kamar karatun da aka haddace.

Ba na ganin laifin yaran da ke ɗaukar waya sosai. Allo ɗaya ne a gabansu, rubutu ne aka ba su su karanta, kuma a irin waɗannan ofisoshi ana auna ma'aikaci ne da saurin da ya sallami mai kira da yawan ƙorafin da ya rufe. Ƙorafin da aka rufe ba a warware ba, a lissafin kamfani nasara ce. Amma sanin haka bai rage mini zafin rai ba ko kaɗan, don ni ne ba ni da abin aiki.

Wani abokina da ya taɓa aiki a sito ne ya ce in daina cewa "ban samu kayana ba", in ce su turo mini shaidar isarwa. Kowane kamfanin jigila na da ita: sunan wanda ya karɓa, sa hannunsa, lokacin da aka miƙa, wasu har da hoto da wurin da wayar direba take sa'ad da ya danna. Na nema ta imel, aka turo. Sa hannun wani karkataccen layi ne guda, irin wanda yaro kan ja a ƙasa da tsinke. A gurbin suna harafi ɗaya ne. Hoto babu. Wannan ce hujjar da aka dogara da ita aka rufe ƙorafina, aka kuma tura ni ina bin gidajen mutane kamar ina zarginsu da sata.

Na ɗauka da wannan takarda a hannu magana ta ƙare. Sai na ci karo da abin da ya fi komai ba ni mamaki a duk wannan lamari. Na ce to a buɗe mini neman diyya. Mutumin ya yi gyaran murya ya ce, "Yallaɓai, ba za mu iya da sunanka ba, don ba kai ne abokin cinikinmu ba."

Na ce ban gane ba. Sunana ne a jikin kwalin, adireshina ne, lambar wayata ce.

Ya ce haka ne, amma wanda ya kawo kayan ya biya kuɗin aikawa, da shi kamfani ya ƙulla yarjejeniya. Shi ne zai nemi bincike, shi ne zai nemi diyya, shi za a biya. Ni mai karɓa kawai nake.

Duk kiraye-kirayen da na yi, duk katin wayar da na ƙona, ashe ina buga ƙofar da ba a yi ta don ni ba, kuma babu ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka ɗauki wayata da ya ga ya dace ya faɗa mini tun farko. Sun bar ni ina ta maimaita labari, lokaci na tafiya. Lokacin nan kuwa ba na banza ba ne. Da yayata ta zaro rasit ta karanta ƙananan rubutun da ke bayansa, sai ga shi an ce dole a shigar da neman diyya a rubuce cikin kwana 30, kuma ƙidayar na farawa ne daga ranar da kamfani ya karɓi kayan daga hannunta, ba daga ranar da suka ɓata ba. Kwanakin jirgi, kwanakin kwastam, kwanakin da na yi ina jiran kiran awa 48, duk sun ci daga cikin kwana 30 ɗin. Kiran waya kuma ba ya shiga lissafi. Saura ƙiris wa'adin ya wuce mu.

A cikin rubutun nan ne muka ga abu na biyu. Iyakar diyyar ba da darajar kaya ake lissafa ta ba, da nauyinsu ne, sai fa idan mai aikawa ya bayyana darajar ya biya ƙarin kuɗin inshora. Sharuɗɗansu sun jingina da Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara alhakin masu jigila ta sama tsakanin ƙasashe. Ƙarƙashinta iyakar abin da za a biya a kan kaya shi ne SDR 26 a kowane kilo, tun ƙarshen Disamba 2024; kafin nan 22 ne. SDR ɗin ma'aunin lissafi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Laftof da cajarta da kwali ba su wuce kilo biyu zuwa uku ba. Sai mutum ya lissafa da kansa. Iyakar diyyar wanda ya aika tsofaffin takalma masu nauyi ma za ta fi tawa. Allah ya taimaka yayata mace ce mai tsantseni, ta biya inshorar tun a kanti, amma ta ce ma'aikacin da ya karɓi kayan ko ambatarta bai yi ba, ita ta tambaya.

Ta rubuta musu imel daga can: lambar bibiya a sama, hoton rasit, rasit ɗin sayen laftof ɗin, hoton wannan layin da suke kira sa hannu, da jimla ɗaya cewa tana neman a binciki inda wayar direba take lokacin da ya danna, in ba haka ba a biya ta cikakkiyar darajar da ta yi wa inshora. Ba zagi, ba dogon bayani. Abin da ni na kasa samu da roƙo da faɗa, ita ta samu da wannan imel ɗin: aka ba ta lambar bincike ta gaske da sunan sashen da ke riƙe da shi. Muryar kamfanin ma ta canza. Ita "abokiyar cinikinmu mai daraja" ce.

Duk da haka ba imel ɗin ne ya fito da kayan ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Layin da ke gaban na ƙarshe a shafin bibiya ya nuna sunan cibiyar da motar ta tashi, sai na nemo wurin na je da katin shaida da takardun a buge. A gaban kanta aka sake karanto mini cewa an isar. Na ce na ji, ni dai mai kula da sito nake son gani. Aka daɗe kafin wani dattijo ya fito, biro maƙale a kunne.

"Baba, don Allah taimaka mini za ka yi," na ce, na miƙa masa takardar. Bai ko kalli kwamfuta ba. Ya dubi ranar, ya dubi unguwar, ya ce in biyo shi.

A can ƙuryar sito akwai wani keji na waya cike da kwalaye, wasu a murƙushe, wasu an zagaye su da salatif. Ya durƙusa yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Nawa na ƙasa, an ɗora masa wani buhu, kusurwa ɗaya ta lotse, takardar adireshin ta sha ruwa har tawadar ta bazu, amma rubutun hannun yayata na gefe da baƙar maka yana nan raɗau. Shi ya sa na gane shi tun kafin ya ɗago.

Shi ya warware mini yadda abin yake. Direbobin da ke kai kaya gida-gida yawancinsu ba ma'aikatan kamfani ba ne, 'yan kwangila ne, ana biyansu gwargwadon abin da suka sauke, kuma kayan da suka dawo da su ana rubuta musu a matsayin gazawa. Idan yamma ta yi mutum na da saura a mota, sai ya danna an isar ya ja layi da yatsa, da niyyar gobe ya biya ya ajiye. Wani lokaci goben na zuwa. Wani lokaci a canza masa hanya, ko ya bar aikin, sai ya sauke kwalin a sito ya yi gaba. Kwalin da kwamfuta ta ce an riga an miƙa kuwa babu mai sake ɗora masa na'ura, don babu inda za a shigar da shi. Sai keji.

"Ɗana, kayan da ke cikin nan duk a wurin kwamfuta suna gidajen masu su," in ji shi.

Na buɗe kwalin a gabansa, wayata na ɗaukar bidiyo, na kunna laftof ɗin ta kama. Ban sa hannu ba sai da na rubuta a takardar cewa kwalin ya lotse da ainihin ranar da na karɓa, na kuma ɗauki hotonta. Wannan ba tsirfa ba ce: a ƙarƙashin waccan yarjejeniya ta Montreal, ƙorafin lalacewar kaya kwana 14 ne da shi daga ranar karɓa, na jinkiri kwana 21, kuma duka a rubuce. Wanda ya sa hannu salin-alin ya tafi gida, in ya buɗe ya ga allo a fashe, zai sha wahalar nuna cewa ba a hannunsa ya fashe ba.

Yanzu idan ana aiko mini da abu mai daraja, tun kafin ya taso nake roƙon mai aikawa ya turo mini hoton rasit gaba da baya, ya rubuta sunana da lambata da maka a jikin kwalin kansa, ya bayyana daraja ya biya inshora. Idan kamfanin na da tsarin lambar sirri da ake turo wa mai karɓa, wadda direba ba ya iya rufe aiki sai an faɗa masa ita, shi nake zaɓa, kuma ba na karanta wa kowa ita ta waya sai kwali na hannuna. In akwai damar a ajiye kayan a ofishinsu in je in ɗauka, na fi son haka sau dubu a kan zaman jiran mota. Ranar da shafi ya ce an isar alhali ban ga komai ba, ba na kiran kamfani, mai aikawa nake kira ya rubuta musu a ranar.

Magana ɗaya ta rage tsakaninmu da su. Yayata ta biya kuɗin aikawa na gaggawa ne, don haka ta nemi a mayar mata da shi tunda kayan sun makara ƙwarai. Amsarsu ta zo cikin ladabi: sun duba bayanansu, an isar da kayan a kan lokaci, saboda haka ba ta cancanci komai ba. Ranar da suka ambata ita ce ranar da direban ya ja layinsa. Na tura mata hoton takardar da na sa wa hannu a sito mai ɗauke da ainihin ranar, ta haɗa ta sake rubuta musu, sun ce za a tuntuɓe ta cikin awa 48.