Na bi ruwa don in gane ƙauyen Cong

Wanda ya nuna mini hanya a Cong, ƙauyen da ke kan iyakar gundumomin Mayo da Galway a yammacin ƙasar Ailan, cewa ya yi in fara da kogi kafin in shiga shagunan tsaraba. Haka na yi.

Ƙauyen yana zaune ne a wani siririn tudu tsakanin tafkuna biyu, Mask a arewa, Corrib a kudu. Ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce mai ramuka, ruwan Mask yana nutsewa cikinta ya bi ƙarƙashin ƙasa, sai ya ɓulɓulo a Cong. Da na tsaya ina kallon yadda yake tasowa, nan na fahimci abin da ya sa mutane suka zauna a nan: ruwa ba ya yankewa, ga kifi.

Masu zuhudu na Kirista ne suka fara kafa wurin a ƙarni na 7, ana danganta shi da waliyyinsu Feichin. A ƙarni na 12 gidan sarautar O'Connor ya sake gina gidan ibadar, kuma a nan Rory O'Connor, babban sarkin Ailan na ƙarshe, ya rasu a 1198. Abin da ya fi burge ni ɗan ɗakin dutse ne da aka gina a kan kogin, da rami a ƙasansa, inda masu zuhudun ke zura raga suna zaune a inuwa. Dabara ke nan.

Daga nan na taka zuwa busasshiyar hanyar jirgin ruwa. An fara haƙa ta a 1848, lokacin babbar yunwar da aka yi a Ailan, don a haɗa tafkunan biyu, talakawa kuma su sami aikin yi. A 1854 aka watsar da aikin. Kuɗin da aikin ke ci sun yi yawa, jirgin ƙasa ya shigo, dutsen ma yana shanye ruwan. Da rani sai ka taka cikinta da ƙafa.

Mai zuwa ya sa takalmi mai kauri, dajin da ke bakin kogin akwai laka. Ya bar fadar Ashford, wadda iyalan de Burgo suka fara ginawa a 1228, sai ƙarshe. Yanzu otal ce mai tsada, ni daga nesa na kalle ta.